Guɗa Biyu a Wuyan Asta

Garo, Janairu 2001

Zuwa ga taubashina Hambali, a Badun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya karatu, yaya baƙunta, yaya fama da barkonon mutanen can? Da fatan kana lafiya. Maigidana Malam Datti yana gaishe ka. Na leƙa Madadi kwanan baya, mutanen gidanku kalau suke, shanu ma babu mai ciwo.

Kada ka yi dariyar rubutun nan, na san kamar kaji sun yi tono. Da hannuna na yi shi, da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, don ba ni da bakin faɗa wa wani ya rubuta. Asta mai guɗa, wadda ake jiyowa daga Garo har bakin titi, yau ko akuya ba ta iya korawa.

Ka san tun da aka hana kiɗa a gidajen biki masu kalangu suka rataye kayansu. To biki kuma ba ya yiwuwa tsit kamar zaman makoki, sai nauyin ya dawo kaina. Da can in na rangaɗa sau uku an gode. Yanzu ni ce kalangun, tun daga kamu har buɗar kai, yau Garo gobe Kabo. Ranar Asabar a Kabo, ana fito da amarya, na riƙe hanci na ɗauko guɗar tun daga ƙasa. Ta hau, ta hau, sai na ji wani abu ya tsinke a maƙogwarona kamar zaren keken ɗinki. Ba zafi ko kaɗan. Na sake buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

Tun ranar murya ta dishe. Da safe takan ɗan fito kamar ta ƙato, kafin azahar ta gudu. Na duba yawuna ba jini, ba zazzaɓi, tuwo yana wucewa lafiya. Na sha zuma da citta, ina ta kakari ko abin da ya tokare zai fita. Garin maganin nan na ƙunshin takarda da nake sha saboda gwiwa, na mai da shi safe da yamma.

Tunda jinyar kunne da maƙogwaro ka tafi karanta, aiko min da ƙwaya mai ƙarfi ta hannun Mijinyawa direba, in ya sauke shanu zai juyo. Bikinka bayan Babbar Sallah ne, kuma ka san abin da ke wuyana. Mahaifiyarka Inna Sa'adiya, Allah ya ji ƙanta, ita ta koya min guɗa. A gadon ciwonta ta riƙe hannuna ta ce, "Asta, ran da aka kawo matar autana ki rangaɗa sau biyu, tawa da taki." Na ce mata to.

Taubashiyarka,
Asta

*

Badun, Janairu 2001

Yaya Asta,

Wa'alaikumussalam. Ina gajiya, ya gida, ya Malam Datti? Ya jiki kuma? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata kalau, barkonon ma mun saba. Rubutunki ya karantu sarai, kajin Garo sun iya tono.

Yaya, a tsaye na karanta wasiƙarki, ban iya zama ba. Ba zan rantse ba tunda ban duba ki ba, amma abin da kika faɗa muna ganin irinsa a nan wurin mawaƙa da malaman makaranta. Can cikin maƙogwaro, ƙasa da inda ido ke kaiwa, akwai wasu 'yan tsoka biyu masu laushi, kamar ƙananan leɓɓa. Su ne ke haɗuwa su kaɗa, murya ta fito. A jikinsu akwai siraran jijiyoyin jini. Mai yawan ɗaga murya, wata jijiyar takan kumbura ba da saninsa ba, ran da aka matsa mata sai ta fashe. Jinin ba ya fitowa waje, shi ya sa ba ki gan shi a yawu ba. A cikin tsokar yake kwanciya, ya yi mata nauyi ta kasa kaɗawa.

Babu ƙwayar da zan aiko. Maganinsa shiru ne. Ba rage magana nake nufi ba, shiru ɗungurungum, sati ɗaya zuwa biyu, har sai likita ya ce ki buɗe baki. Kada ki yi raɗa, ita ma wahalar da wurin take yi. Ki bar kakari da gyaran murya, tamkar murza gyambo ne. Ki yawaita shan ruwa. Garin maganin nan kuwa, don girman Allah ki ajiye shi yau ɗin nan. Asfirin ne a ciki, yana tsinka jini, yana hana shi tsayawa.

Malam ya kai ki Kano, sashen kunne da maƙogwaro, a leƙa da madubi a gani. In aka huta, jiki yakan shanye jinin, murya ta dawo. In kuwa aka ci gaba da matsa masa, jijiyar ta sake fashewa, wurin yakan yi tsiro ko tabo, tabon kuma ba ya gogewa.

Batun guɗa a bikina, ki cire shi daga ranki. Ba na so ki yi.

Ƙaninki,
Hambali

*

Garo, Fabrairu 2001

Hambali,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Malam yana gaisuwa. Ni ban sani ba ko ina gaisuwa.

Takardarka ta iso ina tsakar gida da baƙi, matan Madadi ne suka zo duba ni. Na miƙa wa Malam ya karanta a fili, ina taƙama ƙanina likita ya aiko da magani. Ya karanta tiryan-tiryan har ya kai layin ƙarshe. Ba na so ki yi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Matan nan suka kalli juna, ɗaya ta ce, "Ai dama."

Ka ɗauka ba mu da labari? Surukinka Malam Abdulnasir na Unguwar Tudu, uban Kamilar taka, ba shi ne ya ce a wa'azi muryar mace tsiraici ce ba? To ka fito fili mana. Ka ce Yaya, na samu surukai malamai, guɗarki kunya za ta ba ni. Da na ji zafi na haƙura. Amma ka zauna ka ƙago min leɓɓa a cikin wuya, da jinin da ba a gani, don dai ka toshe min baki da dabara. Ni na goya ka, Hambali. Fitsarinka ya sha jiƙa min zane.

Duk da haka na gwada shirun naka. Ka san abin da ya jawo? Maƙwabciyata ta shigo da safe, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya jiki, ni kuwa ina ɗaga mata kai kamar ƙadangare. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa Asta tana gaba da mutane. Har dattijuwa aka turo ta tuna min Musulmi ba ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. A Badun ne ake rayuwa ba a amsa gaisuwa, ban da Garo. Na buɗe baki na ba kowa haƙuri da 'yar muryar da ta rage.

Yanzu na samu wanda ya san ciwon. Sajo wanzami ya leƙa bakina ya ce belu ne ya sauko ya danne muryar. Ya ce ya sha cire wa masu dishewa. Ranar Juma'a mai zuwa zai cire, kafin Sallah na warke. Garin maganina kuma ina sha, gwiwar tawa ce ba taka ba.

Ba kai na yi wa alkawari ba. In ka ga dama ka sa a tare ni a ƙofar gida.

Asta

*

Badun, Fabrairu 2001

Yaya Asta,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ki yafe min gajartar gaisuwar, Mijinyawa yana tsaye a kaina zai tashi.

Kada ki bari Sajo ya taɓa ki. Na roƙe ki da darajar Inna. Belu yana sama, a ƙofar maƙogwaro, ciwonki yana can ƙasa inda askarsa ba ta kaiwa. Ko ya cire, muryar ba za ta dawo ba. Kuma jininki ya tsinke da garin nan, in ya yanka ba lallai ya tsaya ba.

Wallahi, tallahi, ko sau ɗaya ban taɓa maganar guɗa da Malam Abdulnasir ba. Ni da tun ina yaro nake laɓewa bayan rumbu ina jiran ki ɗauko ta? Ni zan ji kunyarki? Na rubuta layin nan a gaggauce, tsoro ne ya sa ya fito a bushe. Abin da nake nufi, na fi son in shigo gidanki shekara ashirin nan gaba ki ce min "ɗan Badun, ka zo cin banza?" a kan guɗar yini ɗaya.

Malam Datti, in kai ke karantawa, don Allah ka hana.

Hambali

*

Badun, ƙarshen Fabrairu 2001

Yaya,

Salamu alaikum. Ba ni da wata gaisuwa sai tambayar jikinki.

Mijinyawa ya dawo hannu rabbana. Ya ce layin mai ya riƙe shi a hanya, bai isa Garo ba sai Lahadi, ya tarar da gidanku a rufe. Abin da ya ji a bakin masu shayi kawai shi ne an fita da ke a mota, zane duk jini. Ya ba wa maƙwabta takardata. Na nemi izinin tafiya an ce sai bayan jarrabawa. Na shiga aji na fito ban san me aka koyar ba.

Ko layi ɗaya ne a rubuto. Ko wane iri ne, a faɗa min.

Hambali

*

Garo, Maris 2001

Ƙanina Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jarrabawa, ya hankali? Ka kwantar da shi, ina raye. Mun yi Sallah lafiya, Malam ya yanka ɗan tunkiyarsa, an ajiye maka soye.

Takardunka biyu na same su a tare bayan mun dawo. Ta farkon ta makara. Sajo ya cire belun ranar Juma'a da hantsi, jini ya ce bismillah. Aka ba ni ruwan bagaruwa na kurkure, bai tsaya ba. Shi kansa Sajo cewa yake bai taɓa ganin haka ba. Har duhu-duhu na fara gani kafin a samu motar da ke da mai. A asibitin Gwarzo aka tsayar da shi, aka ƙara min ruwa. Tambayar farko da ma'aikacin ya yi wa Malam ita ce, "Tana shan garin ciwon kai?" Na rufe fuska da mayafi.

Daga nan aka tura mu Kano. Likitar mace ce, ta kama harshena da ƙyalle ta zura ɗan madubi mai dogon hannu. Ta zana min a takarda. Ga leɓɓan naka guda biyu, ashe da gaske akwai su. Na hagu fari, na dama ja wur. Ta ce jinin ya fara bajewa, amma ga wata jijiya nan a kumbure kwance a kai, ita ce mai laifin. Sai jinin ya gama washewa za a duba ko za a ƙone ta da na'ura, a kashe ta. Kafin nan, in na sake matsa mata, ta ce ba ta ɗaukar min alkawarin komai.

Na yi shirun, na gaske wannan karon. Malam ya tsaya bayan sallar asuba ya sanar cewa iyalinsa ba gaba take ba, likita ne ya ɗaure mata baki. Ni kuma na rataya ƙaramar ƙararrawar maraƙi a hannu, in an gaishe ni in kaɗa. Yanzu matan unguwa har layi suke yi su gaishe ni don su ji ta, 'yan banza. Shekaranjiya aka ba ni izinin magana kaɗan-kaɗan. Muryar ta dawo, siririya, amma tawa ce.

Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe wa yayarka, bakin ne ba ya iya zama ko an ɗaure shi. Zan zo bikin, zan zauna a kusurwa da ƙararrawata. Inna tana inda ta san uzurina.

Yayarka,
Asta

*

Garo, Afrilu 2001

Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar biki, ya amarya, ya hanya? An ce kun isa Badun lafiya. Ka ce da Kamila ina gaishe ta, yarinya mai kunya, Allah ya ba ku zaman lafiya.

Ka tafi ba ka yi min sallama ba. Na aika a kira ka kafin mu juyo Garo, aka ce ka ce kana da baƙi. Ban ga laifinka ba. Amma ka ji yadda aka yi, don kai kana waje wurin maza.

Na shiga gidanku da niyyar da na faɗa maka, Allah shi ne shaida. Na zauna bakin ɗakin Inna, na ƙulle bakina. Bayan la'asar motar amarya ta tsaya. Ba kalangu, ba komai, sai ƙarar takalma. Abin da ban lissafa ba shi ne, duk Madadi babu macen da za ta yi guɗa ina zaune a wurin. Haka muka taso, ba a shiga gaban babba. Na yi musu alama da hannu su yi, suka ɗauka cewa nake su dakata. Kowa ta zuba min ido. Aka shigo da yarinyar nan a lulluɓe, tana takawa a hankali, gida tsit, har kukan tantabarun Bappa, dattijon gidanku, ana ji.

Sai wata daga dangin amarya, ba da mugunta ba, ta ce da ta kusa da ita, "Allah sarki, angon maraya ne, ba shi da uwa."

Hambali, ban san lokacin da na miƙe ba. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ji hannuna a hancina kawai. Na ɗauko ta yadda Inna take ɗaukowa, da 'yar karkarwar nan a farko. Tana kaiwa tsakiya na ji zaren ya tsinke, wuri ɗaya da na farko. Na san mene ne, ai ka koya min. Ban sake ta ba, na ja ta har inda numfashi ya ƙare. Daga nan matan suka ɗauka gaba ɗaya, gida ya rikice, amarya ta fashe da kuka.

Tun ranar ko siririyar babu. Na koma ga ƙararrawa. Jiya Malam ya mai da ni Kano. Likitar ta leƙa, ta ajiye madubin. Ta rubuta bayani ta ce a aiko maka, ga shi nan a ciki, da Turanci ne. Malam bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi.

Ba na neman ka ce na yi daidai. Ta Inna na yi. Tawa ce ban samu yi ba, ita nake roƙo ka yafe min.

Abu ɗaya nake so ka faɗa min, kuma kada ka yi min kara. Kunnena ya toshe a lokacin, ban ji ƙarshenta ba. Ta fita waje kuwa? Ta kai inda kuke?

Asta

*

Badun, Afrilu 2001

Yaya Asta,

Wa'alaikumussalam. Ya jiki, ya gida, ya Malam? Kamila tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta tsorata da shirun nan, sai da ta ji ki ta san gidan yana son ta.

Na karanta bayanin likita, na kai wa malaminmu ya duba. Ba zan ɓoye miki ba. Jijiyar ta sake fashewa, jinin ya fi na farko. Za ki koma shiru, sannan a yi aikin kashe jijiyar, da zarar na gama jarrabawa zan zo mu je tare. Suna sa ran magana za ta dawo, ko da da kaushi. Guɗa kuwa, Yaya, ta tafi. Ba hani ba ne wannan karon.

Ba baƙi ne suka hana ni zuwa ba. Na ji inda ta tsinke, duk taron nan ni kaɗai na san abin da na ji. Na san in na gan ki a ranar zan faɗi abin da zan yi nadama, ko in yi abin da ango ba ya yi a gaban mutane. Haushinki nake ji har yanzu, kuma ban san ranar da zai wuce ba.

Kin yi tambaya. Ba a ƙofar gida muke ba, muna can gindin tsamiyar masallaci, an shimfiɗa tabarmi. Malam Abdulnasir yana tsakiyar yi min nasiha. Guɗar ta taso ta kan katanga ta same mu. Ya dakata, ya sunkuyar da kai har ta ƙare. Bappa da ke gefena, wanda rabonsa da jin kiran salla sosai an daɗe, ya dafa gwiwata ya ce, "Hambali, wannan ai Sa'adiya ce."

Ta kai, Yaya. Taki kuma na yafe.

Ki sha ruwa da yawa, kada ki yi raɗa. Ki ajiye min soyen, ina tafe.

Ƙaninki,
Hambali